Zan Rabu Da Datsun 240Z Ɗina

Na sa Datsun 240Z ɗina a kasuwa, ƙirar 1972, kuma raina bai so ba. Yara sun girma, mota mai kujera biyu ba ta ɗaukar iyali.

Injinta na asali mai lita 2.4 ne, silinda shida a jere. Na sauke shi na ɗora na wata motar Datsun, ƙirar 280Z, mai lita 2.8, na sa kafireta uku na kamfanin Weber, giya biyar maimakon huɗu, da birkin faifai a baya. Idan ta hau titin Kaduna zuwa Zariya, ƙararta kaɗai ta isa ta sa mutum murmushi.

Dillalai suna cewa gyaran ya rage mata daraja, wai masu tara tsofaffin motoci sun fi son wadda ba a taɓa ba. Da gaskiyarsu. Shi ya sa na adana tsohon injin, mai lambar da ta dace da ta jikin motar, zan haɗa wa mai saye.

Duk wanda ya zo, ya fara leƙa ƙarƙashinta. Tsatsa ce ke kashe waɗannan motoci, kuma tawa an sauya mata ƙarfen ƙasa gaba ɗaya.