Lugard ko Lugga? Yadda na yi da sunayen Turawa a ɗan littafina

Bara na haɗa wani ɗan littafin tarihi da Hausa saboda ɗalibanmu na makarantar yamma, rabinsu dattawa ne 'yan kasuwa, sauran samari masu shirin zana WAEC. Labarin zuwan Turawa ƙasar Hausa ne, tun daga matafiyan farko har cin Kano da Sakkwato a 1903. Wallahi shekaru da yaƙe-yaƙe ba su ci min lokaci ba kamar sunaye.

Na ƙasa da gari dai ban tsaya dogon tunani ba, Jamus, Ingila, Masar, Tarabulus, haka na bar su. Don me zan rubuta Tripoli bayan tun Bature bai zo ba Kanawa ke ciniki da Larabawan Tarabulus?

Sunan mutane ne rigima. Kowa ya san Gwamna Lugga, shi ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, dattawan nan da ka ce Lugga sun gane, amma yaron da zai shiga ɗakin jarabawa Lugard zai gani a takarda, kuma in ya buga Lugga a Google Allah kaɗai ya san inda za a kai shi. To wa zan bi?

Abin da ya raba min gardama Heinrich Barth ne, Bajamushen nan da ya taso daga Tarabulus a 1850 ya iso Kano a 1851. Shi da kansa ya sa wa kansa Abdulkarim don tafiyar ta yi masa sauƙi, kamar yadda Hugh Clapperton, wanda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya riƙa amsa Abdullahi. Yanzu in na rubuta Abdulkarim ya shigo Kano ya zaga kasuwa yana rubuce-rubuce na yi shiru, ai mai karatu zai ɗauka wani malami ne daga Gabas, alhali mutumin Kirista ne kuma gwamnatin Ingila ce ta turo shi. Kun ga sunan da ya fi daɗi a baki shi ne ya ɓoye ainihin labarin. Don haka na ce sunan yanka na mutum sai ya fito yadda iyayensa suka rubuta, a farkon ambato, in bi shi da yadda ake furtawa, Vischer a ce Fisha, sannan laƙabinsa na nan in akwai.

Shi wannan Hanns Vischer ɗin, da ya buɗe makarantar boko a Nasarawan Kano a 1909, bayan ambato ɗaya Ɗan Hausa na ci gaba da kiransa, tunda mutanen gari ne suka raɗa masa, ga gidansa nan har yau Gidan Ɗan Hausa ake cewa. Laƙabin ma tarihi ne, ba a yar da shi.

Namu kuwa da Turawa suka lanƙwasa duk na miƙe su. Clapperton Sackatoo yake rubutawa, ni Sakkwato na sa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma ba zan kwaso shi daga rubutun Bature ba.

Wani abokin aikina bai yarda ba sam, ya ce malam ai rubutu biyu-biyu cika shafi ne, a Hausance komai kawai yadda ake ji a rediyo. Na ce masa yallaɓai mai sauraron rediyo ba ya komawa laburare ya nemi littafin mutum, ɗalibi kuwa dole ne. Shi Lugga dai na sa Frederick Lugard a kan babi da ƙarshen littafi inda aka jera sunaye, cikin labari kuma Lugga ya sha, don ko ni in ina karanta wa dattawan a aji haka bakina ke faɗa.