Na maida laftof dina kan Windows 10

Jama'a wallahi yau na samu natsuwa, na maida laftof dina kan Windows 10. Tun da anka dora mata Windows 11 take ta nishi, kuma ba laifin manhajar ba ne, na'urar ce ta tsufa, RAM dinta, wato ma'ajiyar da take aiki da ita in tana kunne, giga 4 ne kacal, iyakar abin da Windows 11 ke nema kafin ta hau ke nan. Ga zafin Sakkwato, da azahar fankar cikinta na ta kuka, kasanta ya yi zafi har ba ka iya aza ta bisa cinya, ka bude Word sai ka jira ka jira alhali aiki na gabanka.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, in anka dora maka sabuwar kana da kwana 10 da za ka iya komawa ta cikin Settings, wurin Recovery. In sunka wuce Windows na share foldar Windows.old, inda tsohuwar manhajar take ajiye, sai dai a sake lodi da filas mai giga 8. Ni haka munka yi da mai gyara, sai da munka kwashe takarduna da hotunan yara tukuna.

Abin da ke damuna, Microsoft ta daina tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, don haka na bar shiga banki da ita. In Allah ya hore zan kara RAM in sa SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, wa ya san nawa suke yanzu a kasuwa?