Idan iska ta yi ɗumi a watan Nuwamba

Duk daren Lahadi bayan isha'i sai na buɗe waya na karanta hasashen yanayin mako kafin in kwanta. Na wannan makon cewa ya yi daga daren Litinin dusar ƙanƙara za ta fara sauka a kan duwatsu, ta wuni Talata tana zuba, iska mai ƙarfi daga yamma tana kwasarta tana watsawa a kan hanya. Mu kuwa na ƙasa, Denver da Aurora a jihar Kolorado ta Amurka, rana za ta fito, gari ya yi ɗumi, sai dai kowa ya ɗaure abin da iska za ta iya ɗauka a ƙofar gidansa. Uwargida ta leƙo, ta ga hoton rana a kan Talata, ta ce, "To alhamdu lillahi, Malam, jibi ka huta da sanyi." Na ce mata wannan ranar da kike gani ita ce za ta hana ni barci.

Ni mutumin Maraɗi ne. Shekara goma sha ɗaya na yi ina jan kamyo tsakanin Kwatano da gida: Paraku, Malanbil, a tsallaka gada a shiga Gaya, sai Doso, Dogon Dutsi, Birnin Konni. Abin da direba ke tsoro a wannan hanya ramuka ne, da barci, da shingen jandarmomi. Sama ba ta cikin lissafi, in ban da hazon hunturu da ke sa a kunna fitila da rana tsaka. Dutsen da na sani kuwa shi ne na Dogon Dutsi, kuma har na bar ƙasar ina ɗaukarsa dogo.

Ƙuri'ar biza ce ta kawo mu Amurka a ƙarshen 2018, muka sauka jihar Kolorado saboda wani ɗan'uwan uwargida da ya riga mu zuwa. Na yi shekara ɗaya da 'yan watanni ina ɗaga kwali a sito kafin in samu lasisin babbar mota. Yanzu kayan abinci nake kai wa otal-otal na garuruwan kan dutse, Silverthorne da Frisco da Vail, inda masu kuɗi ke zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Daga Denver zuwa Vail kimanin kilomita 160 ne, bai ma kai nisan Maraɗi da Damagaram ba. Amma Denver kanta tana mita 1,609 sama da teku, hanyar da nake bi kuma, babbar hanya mai lamba 70, tana hawa har ta huda dutse ta ramin Eisenhower a wajen mita 3,400. Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ke raba ƙofar sitonmu da bakin wannan rami, kuma sau da yawa kamar ƙasashe biyu ne.

Tun a Satumban 2020 ya kamata in gane wurin da na zo. Ranar Litinin zafi ya haura digiri 30, yara suna wasa da ruwa a waje, ranar Talata dusar ƙanƙara ta sauka a cikin gari. Na yi dariya, na ɗauki hoto na tura gida, ban koyi komai ba.

Nuwamban wannan shekarar ne na ci na jaki. Na fito da asuba na ji iska tana kaɗawa da ƙarfi, amma ɗumi gare ta, irin ta ƙarshen Fabrairu a gida idan ɗari ya fara ja da baya. Na mayar da babbar rigar sanyi na rataye, na ɗauki ƙarama. Sarƙoƙin da ake ɗaura wa taya don hana santsi suna cikin akwatinsu a gefen mota, domin doka ta tilasta wa manyan motoci ɗaukarsu a wannan hanya daga 1 ga Satumba har 31 ga Mayu, amma ban taɓa buɗe akwatin ba. Har na wuce Idaho Springs rana na nan. Kafin Georgetown sama ta rufe, iska ta fara dukan motar ta gefe, farar ƙura tana gudu a kan kwalta kamar macizai. Allunan hanya suka kama da wuta: kowace babbar mota ta ɗaura sarƙa.

Na ratse wurin da aka tanada don haka, na zazzage sarƙoƙin a ƙasa, na tsaya ina kallonsu kamar an ba makaho madubi. Babu safar hannu. Ƙarfen ya kama mini fatar yatsu, cikin minti biyar na daina jinsu gaba ɗaya. Na koma cikin mota na kira wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da muke haɗuwa a masallacin titin Parker ranar Juma'a, wanda ya fi shekara ashirin yana jan tirela a yammacin Amurka. Na zaci zai fara da bayanin sarƙa. Sai ya ce, "Ƙanena, da ka fito gida iskar ɗumi gare ta ko sanyi?"

Na ce, "Ɗumi, Alhaji."

Ya ce, "To ai ta faɗa maka tun a ƙofar gida, kai ne ba ka jin yarenta."

Sannan ya bi da ni daki-daki: ka yafa sarƙar a kan taya, bakin ƙugiyoyi yana kallon waje, ka matsa da motar gaba kaɗan ta taka, ka fara maƙala na ciki kafin na waje, ka ɗaure da mabuɗi, ka yi 'yar tafiya ka sake sauka ka ƙara ɗaurewa. Da baki abin da sauƙi. Wani direba ɗan Meziko da ke gabana ne ya ga halin da nake ciki, ya zo ya durƙusa ya ɗaura mini ta farko ina kallo, ya bar mini tsohuwar safar hannunsa. Ba na jin yarensa, Turancinmu duka biyun kuma na kasuwa ne. Har yau safar tana cikin motata.

Abin da Alhaji yake nufi daga baya na fahimce shi sosai. Iskar da ke tasowa daga yamma, daga wajen tekun Fasifik, tana ɗauke da laima. In ta ci karo da duwatsun Roki dole ta hau, tana hawa tana sanyi, sai ta sauke kayanta can sama, dusar ƙanƙara ke nan. Ta tsallako gefenmu a bushe, ta gangaro da gudu, tana gangarowa tana matsuwa tana ɗaukar zafi, kusan digiri 10 a kowace mita dubu. Ka lissafa daga bakin ramin Eisenhower zuwa Denver, ka ga abin da ya sa mutum zai iya fita da riga ɗaya a Aurora alhali ana tono motoci daga dusar ƙanƙara a Silverthorne. Cinuk suke kiran wannan iska, wasu kuma su ce mata mai cinye ƙanƙara, don takan lashe wadda ke ƙasa cikin wuni guda. Har alama take bayarwa a sama: wasu gizagizai masu santsi, zagayayyu kamar faifai, da ke tsayawa cak a saman duwatsu, iska na gudu su ba sa motsi. Na gan su sau da yawa a shekarata ta farko, sha'awa kawai suke ba ni.

Wani abin da ya ba ni dariya shi ne, idan mu na cikin gari za mu sha tamu dusar ƙanƙarar mai yawa, daga gabas iskar ke zuwa, ta hau gangaren ta zubar a kanmu. Ashe ko a nan hadarin gabas ne abin tsoro, kamar a gida.

Hawa da sarƙa wahala ce kawai, ana tafiya a hankali, ba a kai kilomita 50 a awa. Gangara ita ce mai kisa. Da ka fito daga ramin ta yamma hanya za ta sunkuya, kashi 7 cikin ɗari, har Silverthorne. Wanda ya dogara da birki zai ji warinsa kafin rabin hanya, shi ya sa aka yi wasu 'yan hanyoyi na tsakuwa a gefe, masu hawa sama, don motar da birkinta ya ƙone ta afka ciki ta tsaya. Ƙaramar giya tun daga sama, shi ne maganin. Masu dakon mai kuwa ba a ma barinsu su shiga ramin sai da dalili, ta saman dutse suke zagayawa, ta mashigar Loveland, kusan mita 3,650, hanya mai lanƙwasa kamar hanjin kaza. Duk ranar da na raina aikina nakan tuna da su.

Ni dai dawowa na fi tsoro, lokacin da na sauke kaya. Mota mai dogon akwati in babu nauyi a cikinta tabarma ce a hannun iska. A jihar Wayomin da ke arewa da mu, a babbar hanya mai lamba 80, rufe hanya suke yi wa dogayen motoci marasa nauyi idan iska ta tashi, kuma duk da haka kowace shekara sai ka ga hotunan tireloli kwance a gefen titi kamar shanun da suka ƙoshi.

Ranar 30 ga Disamba 2021 na daina ɗaukar wannan iska a matsayin matsalar direbobi kaɗai. Kakar wannan shekarar ta zo da fari, Denver ba ta ga dusar ƙanƙarar kirki ba sai 10 ga Disamba, jinkirin da ba a taɓa rubuta irinsa ba. Ciyawa ta bushe ƙayau. Sai iskar ta gangaro da gudun da ya haura kilomita 160 a awa, wuta ta tashi kusa da Boulder, kafin dare ta cinye gidaje fiye da 1,000 a garuruwan Superior da Louisville da kewayensu. Unguwanni ne irin wadda muke ciki, masu manyan kantuna da makarantu, ba daji ba. Daga Aurora muna hango hayaƙin. Washegari dusar ƙanƙara ta sauka a kan tokar. Tun daga ranar takardunmu da fasfo suna cikin jaka ɗaya kusa da ƙofa, uwargida kuma ba ta ƙara yi mini dariya don na tashi da dare na leƙa taga ba.

Da duk wannan, kada ka zaci mutanen nan suna baƙin ciki da hasashen. Murna suke. Masu otal suna jiran baƙi, ga hutun godiya da suke yi a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba ya matso, hanya za ta cika da motocin masu zuwa zamiya, waɗanda wasunsu tuƙinsu ya fi iskar ba ni tsoro. Manomi ma murna yake. Dusar da ke taruwa a kan duwatsun nan ita ce rumbunsu, ita ke narkewa da bazara ta cika madatsai, daga nan kogin Kolorado ke tasowa, wanda mutum kimanin miliyan 40 ke sha. Yadda ake tambaya a gida ko ruwa ya sauka a Dakoro ko Tasawa, haka ake tambaya a nan ko dutse ya samu. Wannan na gane shi ba tare da an yi mini bayani ba.

Sauran abubuwan ƙarshen kaka mun saba da su a hankali. Tun Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya, magariba ta dawo kafin ƙarfe biyar, la'asar takan same ni a kan dutse, in yi ta a gefen mota da alwalar da na riƙe tun daga otal. Iskar a bushe take kamar ta hunturu, kaushi da fashewar leɓe duk suna nan, man kaɗanya da Inna ke aiko mana ya fi duk wani mai na kanti. Wake kuma ba ya nuna da wuri saboda tudu, ruwa na tafasa tun bai kai zafin da ya kamata ba. Uwargida ta yi wata uku tana zargin waken.

Inna ce har yanzu ba ta yarda da maganar hasashen ba. Rannan na ce mata ta waya Talata za a yi iska, ta ce, "Kai ɗan nan, ka je ƙasar Nasara ka fara faɗin gobe? Wa ya san gobe in ba Allah ba?" Na ce gaskiya ne Inna, amma Baba, Allah ya jiƙansa, in ya ga shamuwa ta sauka a kan tsamiya ai fito da iri yake yi ya fara gyaran gona. Ta ce wannan daban, shamuwa halittar Allah ce. Na ce to su tasu shamuwar a cikin waya take. Ta yi tsaki, ta ce in dai riƙa cewa in Allah ya so. Kuma tana da hujja, don masu hasashen sukan ce dusar za ta kai gwiwa ta tsaya a idon sawu, ko su ce da yamma ta zo da hantsi.

Jiya Litinin da daddare na shimfiɗa sarƙoƙin a filin sito na duba su ɗaya bayan ɗaya, na cika tankin ruwan wanke gilashi da irin wanda ba ya daskarewa, na sa bargo da dabino da shebur ƙarami. Na roƙi mai raba mana aiki ya bar mini wasu kaya a cikin motar don dawowa, ko da fanko ne na katako, ya ce zai duba.

Yau da asuba ƙarar garwar shara ce ta tashe ni, iska ta kayar da ita tana gangarawa a titi. Na buɗe ƙofa, ɗumi ya bugi fuskata. Gari na wayewa na hango faya-fayan nan guda uku a jere a saman duwatsu. Uwargida ta miƙo mini fulas ɗin shayi, ta kalli sama, ta koma ciki ba ta ce komai ba, ta fito da babbar rigar.