Kwalbar man gyaɗa daga gidan Inna

Jiya da la'asar wata yarinya ta yi sallama da kwalbar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a leda, ta ce Innarsu ce ta aiko. Na miƙa kuɗi, ta noƙe kafaɗa: an ce kada ta karɓa.

Wallahi sai da na zauna.

Shekara uku ke nan da mijin Innar ya rasu, ya bar ta da yara huɗu. Kowane azumi mukan kai mata shinkafa da sukari, kafin sallah ta wuce kwanon ya koma fayau. Bayan an cire tallafin man fetur a 2023 abin ya ƙara tsanani, sai yayana ya ce mu daina gutsuttsura zakkarmu gida goma, mu haɗa ta wuri ɗaya. Na yi gardama, don ina tausayin sauran.

Muka tambaye ta me ta iya. Ta ce, "Ɗana, tun ina budurwa nake matsar mai." Ashe sana'ar na hannunta, jari ne babu. Muka sayo buhun gyaɗa a kasuwar Dawanau da babban kasko. Ita ke suya, a kai inji, ta matse tunkuzar da hannunta, ta mulmula ƙuli. Watannin farko riba ba ta taka kara ta karya ba, har na fara karaya. Ita kuwa ta shiga adashe, kwasarta ta farko ta ƙaro buhu.

Yanzu babbar 'yarta ta koma makaranta, kuma mata biyu na layinmu suna sarar mai a wurinta.