Motar da ta sha ruwa a Amurka, a Kaduna take amayar da shi

Mutumin Maraɗi ba ya lissafa Najeriya cikin ƙasashen waje. A wurinsa Jibiya ce, Katsina ce, gidan kawu ne, kasuwar da ake zuwa da safe a dawo da yamma. Sai ya zo da niyyar zama yake gane cewa mai wucewa daban, mai neman ɗakin haya daban.

Ni Bagobiri ne daga Tibiri, sana'ata gyaran wayar mota, rewaya kenan. A gida na koyi aikin, a kan motocin Kwatano, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwan Benin da sunan Nijar za su, su haura ta Gaya, da yawansu kuma su ƙare a Katsina da Kano. Mutane da yawa sun ci abinci a wannan hanya: direbobi, masu fenti, dillalai, masu tuwo, da mu. Da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017, aiki ya ja baya, sai ka wuni a gareji ba ka taɓa ko fiyus ba. Na ɗaure kayan aikina a buhu, na sauka a tashar Kawo.

'Yan garinmu da ke Tudun Wada ne suka ba ni masauki har na fara tsayawa da ƙafata. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne haya. Mai gida yana son kuɗin shekara a dunƙule, ga na dillali, sannan sai ka kawo wanda zai tsaya maka, domin da na buɗe baki an san daga inda na fito. Lissafi ma ya wahalar da ni. Duk abin da aka faɗa da naira sai na juya shi zuwa sefa a kaina kafin in san ko an cuce ni, har mai shayin layinmu ya riƙa cewa in gama lissafin ya dawo. Ɗan karatun da na yi kuma da Faransanci ne, alhali na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta Turanci kawai take yi. Wani yaro ɗan Poli da ke zuwa garejinmu koyon aiki shi ya zaunar da ni bayan Magariba yana karanta mini, ni kuma ina nuna masa yadda ake bin waya da fitilar gwaji.

Kaduna gari ne da kogi ya raba biyu, kuma ba a daɗe ba aka gaya mini wane ɓangare ne namu. Amma mota ba ta san wannan ba. Daga Barnawa da Sabo da Narayi ake kawo mana aiki, kuma da Hausa ake cinikin. Mai ƙwanƙwasa bodi da ke maƙwabtaka da mu Bayarabe ne haifaffen Kaduna. Ranar da ya ji ni Bagobiri ne ya ajiye guduma ya ce to, Allah ya kawo masa bawansa har gida. Na ce ai ubangida ne ya zo duba yaransa. Tun daga ranar ban ƙara cin abincin rana ni kaɗai ba.

Motocin ne dai ban taɓa ganin irinsu ba. Na Kwatano da na saba da su tsofaffin Turai ne, sun gaji amma jikinsu ɗaya. Na nan da yawansu daga Amurka suke, ba su tsufa sosai ba, sai dai kowace da rauninta take zuwa. Maigidana, wani dattijo Bazazzagi da ya fara aiki tun Pijo na tashe a Kakuri, shi ya fayyace mini asalinsu. A can idan mota ta yi hatsari, ko ruwa ya cinye ta, kamfanin inshora yana kwatanta kuɗin gyara da darajar motar. In gyaran ya yi tsada, sai ya biya mai ita ya karɓe motar, a sauya mata takarda zuwa ta lalatacciya, a kai ta filin gwanjo. Manyan masu wannan gwanjo biyu ne, Copart da IAA, kuma ta intanet ake tayi. Saurayi yana zaune a Unguwar Rimi da waya a hannu, ta hannun dillali mai rajista, sai ya taya motar da ke ajiye a Texas, a sallama masa.

Abin da ya saya dai hoto ne. Hotuna 'yan kaɗan, an ɗauka daga tsaye, galibi babu na ƙarƙashi. Ƙa'idar gwanjon kuma a rubuce take ba a ɓoye ba: mota yadda take, a inda take, babu mayarwa. Akwai wata alama da samari ke rububi a kanta, wadda ke nuna mota tana tashi tana tafiya. Ma'anarta kawai ita ce lokacin da aka kawo ta filin an tayar ta tashi, an sa giya ta matsa gaba. Ba a ce ta yi kilomita ɗaya ba, ba a ce za ta tashi ranar da za a ɗauke ta ba. Bayan haka tana iya yin makonni a fili gilashi a fashe ruwan sama na shiga, kuma da injin ɗaga kaya mai haƙora biyu ake cicciɓar su, wanda kan lanƙwasa salansa ko ya ƙwarzane ƙasan mota. Sannan ba duk motar da ke gwanjon inshora ce ta kawo ta ba. Akwai 'yan kasuwar da ke sayen wadda ta daku sosai, su ɗaura mata bamba da fitila, su manna abin da ya rabu, su mayar da ita gwanjo tana kama da mai ƙaramin rauni. Wanda ya bi lambar shasi a intanet, mai haruffa da lambobi 17, yakan tarar da tsofaffin hotunanta na gwanjon farko, ya ga gabanta a murƙushe har gilashi.

Duk da haka, mai hatsari tana da dama, don ana ganin rauninta. Wadda nake tsoro ita ce mai kyan jiki.

Wani Alhaji ya kawo mana Camry fara tas, babu ko ƙwarzane, kujerun fata, ƙamshin turare na tashi. Ɗansa ne ya taya ta, kuma yana alfahari da arahar da ya samu. Ƙorafin Alhaji ƙanana ne. Gilashin baya yana sauka da kansa, hon ya taɓa kama kuka cikin dare har maƙwabta suka fito, wani lokaci kuma allon gaba ya ɗauke gaba ɗaya ana cikin tafiya. An canza batir, an canza fiyus, an je wurin rewaya biyu kafin mu. Na zauna a kujerar direba na ja bel ɗin har ƙarshensa. Can kusa da gindi sai ga layi ruwan ƙasa ya ratsa shi, sama fes, ƙasa dauɗa. Na cire robar bakin ƙofa na ɗaga kafet, soson da ke ƙasa ya bushe ya yi tauri, da na murza sai yashi mai laushi ya zubo mini a tafin hannu. Na zare babban soket ɗin da ke gefen ƙafar direba. Haƙoransa da ya kamata su yi ƙyalli duk sun yi kore, ɗaya ma ya gutsure ya maƙale a ciki.

Na kira maigida ya gani, shi ya yi maganar.

"Alhaji, motar nan ta yi wanka. Ruwa ya kai mata har kujera."

"Haba Malam, motar da ko wata uku ba ta yi a hannuna ba? Ko damina ba ta gani ba."

"Ba ruwanmu ba ne, ranka ya daɗe. Da shi ta zo."

Alhaji ya juyo ya dube ni, ya ce wa maigida, "Wannan yaron naka ɗan Nijar ya tabbata ya san motar Amurka kuwa?" Maigida bai ce komai ba, ya kama hannuna ya juye masa yashin a nasa.

Guguwar teku ce ke cika filayen gwanjo da irin waɗannan. Harvey ta nutsar da birnin Houston a 2017, Ian ta daki Florida a 2022, Helene da Milton suka biyo baya a 2024, kuma bayan kowace sai motocin ruwa su yi ta fitowa kasuwa. In ruwan gishiri ne, magana ta ƙare. Gishiri yana shiga cikin rigar waya ya riƙa cin jan ƙarfen a hankali, kamar gara a cikin azara, waje lafiya ciki gari. Motar zamani kuwa ƙananan kwamfutoci ne barbaje a jikinta, wasu a ƙarƙashin kujera, wasu a ƙasan kafet, daidai inda ruwa ke kwanciya. Ka gyara na gilashi yau, jibi na birki ya tashi. Mai haɗin batir da fetur ta fi muni, don babban batirinta a ƙasa yake, kuma kuɗinsa kaɗai ya isa ya cinye duk arahar.

Ita kanta arahar a allo take. Kuɗin da aka sallama a kansa somin taɓi ne. Akwai kason masu gwanjo, akwai la'adar dillali, akwai kuɗin ajiya in ka yi jinkirin ɗauka, akwai na babbar motar da za ta kai ta bakin teku. In ba ta tashi, jigilar ta fi tsada. In takardarta irin wadda aka rubuta a wargaza ce, ko ba ta iso da wuri ba, motar na iya maƙalewa a can, domin kwastan na Amurka sai sun ga takardar mallaka kwana uku kafin a loda. A Legas kuma, tun 2022 kwastan da lambar shasi suke yanke kuɗin fito. Sai kuma dala. Kafin Yunin 2023 farashin gwamnati bai kai naira 500 ba, zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,500. Na san waɗanda motarsu na kan teku lissafin ya rushe, ta iso ba su da abin fitar da ita, kuɗin ajiya na hawa kullum.

Ni ma shekarar ba ta yi mini daɗi ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangaren Najeriya ba sai Maris na 2024. Nairar da nake tura wa tsohuwa ta hannun 'yan kasuwa, in an juya ta sefa sai ta zama abin kunya. A wannan tsakanin ne wani dillalin motoci ya kawo mini aiki mai sauƙi, kuɗi a hannu. Motar ta yi karo ta gaba, an gyara bodi ya yi kyau, saura fitilar jakar iska, jakar da ke kumbura ta kare direba in an yi karo, da ke kunne a allo. So yake in kashe ta. Na buɗe tsakiyar sitiyari, babu jaka, tsumma ne aka cusa aka mayar da murfi aka liƙe. Bel ɗin direba ma ya ƙame tun ranar hatsarin, don shi ma sau ɗaya yake harbawa. Kashe fitilar ba wuya: ɗan ƙaramin resista ake maƙalawa a soket, kwamfutar ta ɗauka jakar na nan. Aikin minti goma.

Baƙon da ake bin sa haya ba ya son a ce masa mai tsada ko mai iyayi, kuma dillali irin wannan in ya ɓata maka suna a layi ka daɗe kana gyarawa. Na ce masa bari in tambayi maigida. Maigida ya leƙa cikin sitiyarin, ya zaro tsumman ya miƙa masa.

"Yallaɓai, in jaka za ka saya a sa, ga yaro nan. In wannan ne, ba a garejina ba."

Dillalin ya tafi yana faɗa. Da yamma na ga motar ta wuce ta gabanmu, allo fes. An yi masa a gaba kaɗan.

Ban ce duk motar gwanjo shara ce ba, ai da su muke ci. Wadda ƙanƙara ta lotsa wa rufi da bonet a Texas ko Colorado, inji da waya lafiya lau, in ka iya zama da tabon ka more. Wadda aka daka ta baya, shasi bai motsa ba, maƙwabcina Bayarabe zai mayar da ita ka rantse daga kamfani take. Ta jihohin arewa masu dusar ƙanƙara kuma a duba ƙasanta, don gishirin da suke watsa wa titi yana cinye ƙarfe. Yanzu samari kan zo mini da waya kafin su yi tayi, mu buɗe hotunan tare. Nakan ce a nemo tarihin lambar shasi a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motoci, a ga jihar da ta fito da watan da aka kawo ta, a ga wa ke sayarwa, inshora ko ɗan kasuwa. In akwai hali a biya wani a can ya je filin ya leƙa ƙarƙashi ya shinshina ciki. In na ga raɓa a cikin fitila, ko tsatsa a ƙarfen da kujera ke gudu a kai, ko mota lafiyayya sumul daga Florida a ƙarshen shekara, nakan ce a bar ta. Wasu su ji, wasu su ce Bagobiri tsoro gare shi.

Camry ɗin Alhaji ta yi ta zarya tsakanin gidansa da garejinmu har ya gaji, ya sayar wa masu yanka mota. An rarraba ta, inji ya tafi, ƙofofi suka tafi, kwamfutocinta da wayoyinta kuma aka wanke su da fetur aka jera a shago cikin kayan Beljiyam. Ɗaya daga cikinsu ya dawo hannuna a leda, wani mai mota ya sayo da kansa a sa masa. Na gane shi da ɗigon jan fentin da nake sa wa duk abin da na taɓa buɗewa. Na ce ya mayar tun mai shagon bai rufe ba.