Wa Ya Zana Wannan? Aikin Mai Firam a Nima

Shagona a Nima yake, cikin Accra, kuma sana'ata sa firam da gilashi. Hotunan aure, takardun shaidar makaranta da ayoyin ratayewa su ne abincinmu. Amma tun da aka sayar da wani zanen Amoako Boafo, ɗan garin nan, fam 675,000 a gwanjon Landan a 2020, sai ga mutane da zanen da suka saya da sidi kaɗan, ko suka tarar a ɗakin mahaifi: "Maigida, duba mini, wa ya zana wannan?"

Kafin in kalli gaban, kifa shi nake yi, don baya ya fi faɗin gaskiya. Ƙusoshi masu tsatsa da katakon da ya yi duhu suna nuna an kwana biyu, farin katakon icen da ake kira wawa da ƙarfen sitefula kuwa aikin kwanan nan ne. Wani lokaci akwai hatimin shago, ko farashi da fensir. In na ga tambarin kamfanin fulawa, sai in gyara zama. A shekarun 1980 da 1990 masu yawo da bidiyo ƙauye-ƙauye kan sa a zana musu tallar fim a kan buhun fulawa, kuma yau masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka nemansu suke. Irin wannan ba na yarda a datse gefensa don ya shiga firam, ko da mai shi ya matsa, domin sau da yawa sunan mai zanen da shekarar suna can ƙasa a bakin buhun.

Sa hannu kuwa ba ya isa shaida. Ablade Glover, wanda aka haifa a 1934, ya shahara da zanen cincirindon kasuwa, yana shafa fentin mai da kauri da 'yar wuƙar zane. A Arts Centre, kasuwar kayan sana'ar hannu da ke kusa da kabarin Nkrumah, za ka ga zanen kasuwanni irin nasa birjik, na samari masu koyi da salonsa. Ina haska fitila ta gefe in ga kaurin fentin, in kuma duba ko sunan ya zauna cikin fentin ko daga baya aka ɗora shi. In abin ya fi ƙarfina, sai in tura mutum Artists Alliance a Labadi, gidan zanen da Glover ya kafa.

Binciken hoto a waya yana taimakawa in mai zanen sananne ne. Yawancin masu zanenmu ba sa intanet. A gidan maigida suka koya, kamar shagon zanen Kwame Akoto mai suna Almighty God da ke Suame a Kumasi, inda almajirai da yawa suka wuce. Shi ya sa nake kai hoton gaba da baya wurin tsofaffin masu rubuta allon shago. Su kan gane hannun ɗan'uwansu daga yadda ya zana ido ko ya ja harafi.

Yawanci amsar ba ta kawo kuɗi, kuma ina faɗa wa mai kaya haka tun farko. Duk da haka, in mun samo sunan, ina rubuta shi a takarda tare da garinsa da wanda ya shaida mana, in manna a bayan firam kafin in rufe. Ba na karɓar ko sisi a kan wannan. Mutum ya ɓata kwanaki a kan aikin, haƙƙinsa ne sunansa ya bi shi.