Gashin Lahadi, ɗumamen Litinin

Ranar Lahadi ba na komawa barci bayan sallar asuba. Ina shafa addu'a sai kicin, in fito da cinyoyin rago daga firij su sha iska kafin su shiga obin. Tun Asabar na karɓo su daga mahaucina a titin Coventry, nan Bamingham, na tsattsaga su na cusa tafarnuwa da citta. Shekara shida ke nan ina wannan sana'a a cikin gidana: ina dafa wa mutane abincin da Turawan Ingila suka saba ci ranar Lahadi, amma da naman halal.

Abincin yana da ƙa'idarsa. Gasasshen nama, rago ko sa ko kaza, da dankalin turawa da aka gasa cikin kitse, da karas da kabeji, da romo mai kauri da ake kwarara a kai. Sai wani abu mai kama da fanke amma da rami a tsakiya, wanda ya samo suna daga yankin Yokshiya. Fulawa ce da ƙwai da madara kawai, amma shi ya fi ba ni wahala da farko. Sai man ya yi zafi har yana hayaƙi kafin a zuba ƙullun, kuma in aka buɗe obin yana tsakiyar tashi, to ya kwanta ke nan. Na yi asarar ƙwai ba adadi kafin hannuna ya faɗa. A da, masu ƙaramin ƙarfi da ba su da obin a gida sukan kai namansu wurin mai gasa burodi in za su coci, su karɓa a hanyar dawowa. In na tuna wannan sai in ga ni ma aikin mai burodin nake yi wa unguwarmu.

Masu sayena yawanci 'ya'yan Musulmi ne da aka haifa a nan, sun tashi suna ganin abincin amma ba sa yarda da na waje, don sau da yawa mashaya ce ke sayar da shi, kuma akan sa giya a romon. Akwai wata tsohuwa Baturiya da ta musulunta. Ranar da na fara kai mata, ta buɗe mazubin ta tsaya tana shaƙar tururin, idonta ya ciko, ta ce ƙamshin kicin ɗin mahaifiyarta ke nan. Ita ta koya mini cewa rago da miyar na'a-na'a mai tsami ake cin sa. Ni kuma nake ɗaura wa kowa ɗan ƙullin yajin ƙuli a gefe, kuma har yau ba wanda ya dawo mini da shi.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, cinikin Lahadi kuɗin nama da na gas kawai yake mayarwa. Cinyar rago tana da tsada, tana kuma motsewa a wuta, ga ƙashi. Riba tana cikin abin da ya rage a faranti bayan an gama yanka: guntattakin nama, naman jikin ƙashi, dankalin da ya farfashe, kabejin da ya yi saura a tukunya. Shekarata ta farko rabar da su nake yi, wani lokaci ma har su lalace, ina ta mamakin inda kuɗina ke shiga. Kuma ni da na tashi a gidan da ba a zubar da tuwon dare, da safe a yi ɗumame, ƙanzon ma a shanya shi! Ashe Turawan ma suna da nasu ɗumamen. Ragowar rago a daddatsa shi da albasa da karas da romo, a rufe da dakakken dankali a mayar obin, shi suke kira abincin makiyayi. Dankali da kabeji kuwa a haɗa a soya a kasko har ƙasan ya yi ja. Yanzu Litinin da rana ina da masu jiran wannan, sun kuma san daga gashin jiya ne, don ban taɓa ɓoye musu ba. Ƙasusuwan su ne romon mako mai zuwa, in dafa in daskarar. Kazar da ta rage kuwa dambu nake yi wa yarana da ita.

Amma ragowar da za a sayar ba wadda ta kwana a kan tebur ba ce. Abin da ya bar hannuna ya je gidan wani ba ya dawowa. Wanda ya rage a wurina, cikin awa biyu ya huce ya shiga firij, firij ɗin kada ya wuce digiri 5, in za a ɗumama kuma sai tsakiyarsa ta kai digiri 75, sau ɗaya tak. Ina da littafin da nake rubuta waɗannan kullum. Kafin in fara sai da na yi rajista da ƙaramar hukuma kwana 28 kafin buɗewa, kuma jami'an tsafta suna zuwa su duba su ba da maki daga 0 zuwa 5.

A nan ne maganar kyanwarmu Lami ta shigo. Wata Alhamis yarana suka tsinto ta a bayan gida, 'yar mitsitsiya, ruwan sama ya jiƙe ta, shi ya sa suka sa mata sunan. Ana cewa kyanwar Lami ba cizo ba yakushi, kuma haka take, sai dai sata. Ta iya tsalle ta rataya a hannun ƙofa har ta buɗe. Wata Lahadi ta watan Maris, ranar iyaye mata, wadda ta fi kowace rana oda a shekara, na ajiye kaji uku suna hucewa na je buɗe wa mai ɗaukar kaya ƙofa. Minti biyu ban yi ba. Na dawo na tarar da ita a kan teburin kicin, ta ja cinya ɗaya har bakin tebur, sawun ƙafarta cikin man faranti. Duka ukun na fitar daga lissafi, na wanke kicin daga sama har ƙasa, na kira gida uku ina ba da haƙuri. Kuka na yi ranar, don na san akwai uwar da 'ya'yanta suka yi wa alkawarin wannan abincin.

Maigidan ya ce a bayar da ita. Autata ta riƙe mini zane tana cewa, "Umma, yunwa take ji, ba ta sani ba." Ban iya ba. Dabbar da ka ɗauko amana ce a wuyanka, kuma laifin ƙofa ne da ba ta da sakata. Washegari ya sa sakata daga sama, ya kuma juya hannun ƙofar yana kallon sama yadda ba za ta iya danna shi ba. Daga daren Asabar zuwa yammacin Litinin Lami ba ta sauka daga bene, kwanonta da ruwanta suna can, kuma ina da rigar aikin da ba ta taɓa fita daga kicin. Da jami'ar tsafta ta zo, ban jira ta tambaya ba, na nuna mata sakatar da littafin.

Litinin da la'asar, in mai ɗaukar kaya na ƙarshe ya tafi na goge ko'ina, nakan ware mata tsokar kaza tsantsa, ba ƙashi, ba albasa ko tafarnuwa, don suna cutar da kyanwa. Tun ina taka matakalar farko nake jin ta tana kartar ƙofa.